Tsohon da Ke Taɓa Bangon Gidan Tarihi

Tun da tsohon nan mai koɗaɗɗiyar riga ya shigo gidan, mai zagayawa da baƙi ba ta huta ba. Tana bayanin katakon rufin da ya haura shekara ɗari, shi yana kankare fentin bango da farce.

"Baba, don Allah a bar taɓawa!"

Ko kallo ba ta ishe shi ba. Yana ta mita, wai wa ya toshe tagar nan? Ƙila tsohon magini ne, ƙila neman magana. A fusace ta bi shi bene, za ta gargaɗe shi kan matakalar da ke kayar da kowa.

Bai ko duba ƙasa ba ya tsallake ta, kamar yaron gidan da uwarsa ke kira daga sama.