Neman Irin Gero a Kano

Mun tashi da asubar Lahadi, muna sallame salla, mu uku: ni, da baffana ƙanen mahaifina, da maƙwabcina na gabas. Jakai shida muka kora da bijimai biyu, ɗaya nawa, ɗaya na maƙwabcin nan. Tun da na dawo, duk wanda ya tare ni sai ya ce in ba shi labarin Kano, me suke ci, me suke sha. To, zan faɗa sau ɗaya kowa ya ji, domin ba labari ne da nake jin daɗin maimaitawa ba.

Baƙin da ke cikinmu ba su san dalilin tafiyar ba. Bara fara ta sauka wa gero yana cikin fitar da kai, ta bar mana kara tsaye. Muka cinye abin da ke rumbu, sannan muka kai hannu ga iri. Kafin bazara ta raba, mata sun koma jiƙa 'ya'yan itacen anza kwana da kwanaki don ɗacinsu ya fita, ana kuma sussukar ƙarangiya a yi kunu. Dattawan ƙauyenmu suka zauna suka ce a sayar da bijimai biyu a samo iri kafin ruwa ya sauka, in Allah ya kawo amfani a mayar mana da shanunmu.

A kasuwar Kornaka ba mu ko kwance kaya ba. Masu neman gero sun fi geron yawa. Buzaye sun durƙusar da raƙuma da gishiri da dabino, babu mai kallonsu. Muka nausa kudu cikin yashi mai cin ƙafa, jakai na tafiya kamar an tilasta masu zuwa biki. A Tsibiri da Maradi akwai gero, a damminsa ma, zangarniya kana ganinta da idonka. Amma bijimi guda taiki ɗaya da rabi suka ce. Na so mu saya mu juya. Baffa ya ce wannan ƙwace ne da rana tsaka, a Kano bijimi zai ba mu taiki uku. Shi ne babba, kuma ya taɓa zuwa Kano yana saurayi. Na bi maganarsa.

Dajin da ke tsakanin Maradi da Katsina ba a shigarsa mutum uku, saboda mahara. Muka jira kwana biyu har wani ayarin masu kanwa ya taso, muka bi bayansu. Guzurinmu garin anza ne da 'yar guna, sai tsamiya da muke jiƙawa. A ƙofar Katsina aka karɓi kuɗin kowane jaki, har da wanda ba ya ɗauke da komai sai akumari. Na tambayi mai karɓa ko iska ma ana biya mata. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce daga jin bakina ɗan arewa ne.

Daga Katsina ƙasa ta sake. Yashi ya ƙare, jar ƙasa ta fara, ga ɗorawa da kaɗanya da tsamiya ko'ina. Rumbuna a cike, wasu ko buɗe su ba a yi ba. A nan tuwon dawa ake ci da miyar kuka mai daddawa. Wata mata a bakin hanya ta sayar mana da malmala uku-uku, maƙwabcina ya ci har ya kasa tashi, sai da muka jira shi a gindin itace. Raina ya fara ɓaci tun daga nan. Tafiyar kwana goma ce kawai tsakanin wannan tuwo da tukunyar anzar gidana.

Ran kwana goma sha shida muka shiga Kano. Aka kai mu gidan wani fatoma, wato mai saukar da fatake ya kuma sayar masu da kayansu. Mutum ne mai faɗin fuska da taushin murya, bakinsa ja da goro. Ya kira baffa da "babana", ya sa aka ɗaure dabbobinmu a inuwa, aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar taushe. Ban taɓa cin shinkafa ba sai ran nan. Fara ce tas, tana da taushi, tana wucewa ba ka ji ta ba. Kafin la'asar cikina ya koma yadda yake, kamar ban ci komai ba.

Kasuwar garin kuwa, in ban faɗi gaskiya ba na yi zunubi, ban taɓa ganin irinta ba. Shinkafa daga Kabi a tsibe. Doya daga ƙasar Gwari, wata ta kai cinyar mutum. Rogo, dankali, masara ana gasa ta a kan garwashi. Alkama ana yin gurasa da ita, da alkaki, da wani abu siri-siri kamar zare da suke kira taliya. Na sayi ta wuri goma don in ɗanɗana, rabi ya zame ta tsakanin yatsuna ya faɗi ƙasa, mai sayarwa tana ta dariya. Doya kuwa na yarda da ita, tana zama a ciki.

A gidan fatoman akwai wani tsohon alhaji ɗan Zamfara, wanda ya yi shekaru a hanyar Makka yana kan komawa gida. Bayan la'asar muka zauna da shi a zaure, na tambaye shi abin da mutanen duniya suka fi ci. Ya ce a Masar alkama ce, daga sarki har mai ɗaukar ruwa, gurasa safe da yamma. A bakin teku kuma ya ga jirage suna sauke shinkafa daga ƙasar Hindu, aka ce mashi can akwai al'umma da ba ta ƙirguwa, kuma in ba su ci shinkafa ba ba su ce sun ci abinci ba. Ya ce fataken Gwanja sun ba shi labarin inda doya da masara ne abinci, ba su san fura ba. Na ce to gero fa? Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, in ka wuce Sudan ta gabas, sai dai ka gan shi ana watsa wa tantabaru."

Ban ji haushin tsohon ba, abin da ya gani ya faɗa. Amma ina fitowa daga zauren na ga dokin fatoma an ajiye mashi ƙwarya cike da gero, yana ci yana barbaɗarwa, kaji na tsincewa a ƙarƙashinsa. Na tsaya ina kallo har maƙwabcina ya ja ni. Abin da ke cikin ƙwaryar nan ya isa shuka kadada guda a wurinmu.

Kwana huɗu fatoman yana ja mana rai, kullum gobe. Ran na biyar ya ce ya sayar da bijimai, ya kuma samo mana gero taiki shida. Na ce ina son in ga zangarniya, iri muke nema ba abinci ba. Ya ce wa zai ɗauko dami daga ƙauye zuwa birni a wannan lokaci, ai sussukakke ake kawowa. Ya dafa ƙirji ya rantse geron ƙasar Daura ne, mai saurin nuna. Na kwance taiki biyu na zura hannu har gwiwar hannu. Babu yashi, babu ƙaiƙayi. Na tauna, tsaba ce mai kyau, ta ɗan fi tamu girma. Baffa ya dube ni ya ce, "Ka gani? Uku-uku, kamar yadda na faɗa." Muka yi wa fatoman godiya har da addu'a. Wannan addu'ar tana cikin abin da ya fi ci mani rai.

A dawowa muna sauri, domin hadari ya fara haɗuwa a gabas. Mun wuce Katsina, mun ƙetare dajin, muka sauka da hantsi a wani ƙauye kusa da gulbin Maradi. Baffa ya ce yau dai a ɗebi kaɗan a yi mana fura ta gaske. Muka ba wata tsohuwa mai sayar da nono. Ta zuba a tafin hannu, ta juya shi a rana, ta tauna. Sai ta tambaye mu ina za mu kai shi. Na ce arewa da Kornaka, iri ne.

Ta ce, "Wannan maiwa ce, ɗana. A ƙasar Zazzau aka haife ni, da ita na girma. Wata biyar take so tana shan ruwa. In kun shuka ta can wurinku za ta yi tsawo ta wuce kanku, ruwa ya ɗauke ba ta fitar da kai ba."

Ta kira mijinta da wani manomi, su ma suka duba suka ce haka ne. Muka kwance taiki shidan duka, ba wanda ya bambanta. Na zauna a ƙasa. Fatoman ya san daga ina muka fito, ya san abin da ya kawo mu, sau nawa muna faɗa mashi yana gyaɗa kai. Da ya cuce mu a awo da na haƙura. Da mun kai maiwar nan gida mun raba, gari guda zai yi noma da firi har kaka, ya tashi da kara.

Na ce zan koma Kano ko ni kaɗai. Maƙwabcina ya ce kwana ashirin ne zuwa da dawowa, kuma wane alƙali zai saurari ɗan arewa a kan mai gida a birni. Muka juya ga baffa. Da ya buɗe baki sai ya ce mu kai ta haka, ko ba komai abinci ce, yara za su ƙoshi wata guda. Ban taɓa ɗaga mashi murya ba sai ran nan. Na ce, "Baffa, in wata gudan ya wuce fa? Ba tuwo aka aike mu nema ba." Sai ya ce in yi yadda na gani.

Mutanen ƙauyen suka yarda da musaya, amma sun ga wuyanmu a hannunsu. Maiwa uku, gero ɗaya. Muka ba da taiki huɗu da rabi, muka karɓi ɗaya da rabi, wannan karon a zangarniya, aka sussuke a gabana. Sauran maiwar muka riƙe don ci. Bijimai biyu da tafiyar kwana talatin da ɗoriya, muka dawo da rabin abin da za mu samu a Maradi tun farko. Tsohuwar ta ƙi karɓar ladan daka.

Mun iso gida da azahar, ruwan farko ya riga mu da kwana biyu. Kun fito tarye kun ga jakai uku ba kaya. A ƙofar mai gari aka raba irin da ƙaramin ƙoƙo, gida-gida. Maƙwabcina ya karɓi nasa daidai da na kowa, shi da ya ba da bijimi.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Kowace ƙasa da abin da ruwanta ke iya nunarwa, su ci shinkafarsu da alkamarsu, Allah ya sa masu albarka, mu gero ne namu. Iri kuma ba zan ƙara karɓarsa a sussuke ba, ko wa ya rantse. In Allah ya kai mu kaka, dammunan iri za su hau rumbu dabam, a liƙe bakinsa da laka, ko anza za mu ci shekara.

Shekaranjiya geron ya tsiro. Irin da na samu ya ƙare a tsakiyar gonata, daga nan har iyaka yashi ne fari. Wanda bai ƙoshi da labarin Kano ba ya je can ya tsaya ya duba.