Kofin da Aka Ɗiga wa Jan Farce

A gidanmu na unguwar Nima, gidan haya mai famfo ɗaya a tsakar gida, yayata ce kaɗai mai kwanonta da kofinta na kanta. Kaka ce ta ɗiga musu jan farce a gindi, tun ranar da farfaɗiya ta fara kayar da Yaya a bakin famfo. Duk gidan an yarda cewa a yawu ciwon yake, wanda ya sha a inda ta sha shi ma sai ya faɗi. Saboda haka mu yara muna cin tuwo a tire ɗaya, ita tana gefe a kan 'yar kujera, ta ba mu baya.

Yaya ba mai kuka ba ce, sai ta mai da abin makami. In Mma, mahaifiyarmu, ta sayo wake da shinkafa a ganye, da ganda guda a kai, sai ta ɗauki gandar ta lasa ta mayar, ta ce wai gishiri take dubawa. Shi ke nan ta zama tata. Haka ta mallake rake da mangwaro da bakin kowace kwalbar lemo da ta shigo ɗakinmu. Ni a lokacin ba na iya haɗa ido da mutane, kallo ne aikina, shi ya sa na ga abin da sauran ba su gani ba. Duk sanda muka fashe da dariya a bakin tire, sai ta daina tauna ta karkato kunne. Nama na hannunta, amma tiren take so.

Ana nan aka ce likitoci a babban asibiti suna bincike a kan masu irin ciwonta, suna gwada magunguna biyu su ga wanne ya fi. Mma ta kai Yaya a trotro, ƙaramar bas ɗin haya, ni na riƙe musu jaka. Aka sa ta tsefe kitso, aka wanke man kaɗen da ke kanta, aka manna mata wayoyi, wata na'ura tana ta zane-zane a doguwar takarda. Da muka ba Kaka labari, ta ce wato yanzu a rediyo ake sauraren aljanin. Ƙwayoyin da aka ba Yaya sun yi aiki, faɗuwar ta ragu sosai. Jan farcen dai yana nan.

Likitar da ke kula da ita takan bi marasa lafiyarta har gida ta ga yadda suke shan magani. Doguwar mace ce 'yar ƙabilar Ga, mai tabarau, da Hausar kasuwa wadda kowa a cikinta namiji ne. Ta iso mana da rana tsaka, ta jiƙe da zufa. Kaka ta aike ni in ɗebo ruwan randa a kofin tangaran na baƙi. A bakin ƙofa Yaya ta tare ni, ta karɓe, ta juye ruwan a wani kofi, ta wuce ta durƙusa gaban baƙuwa da ladabin da ban taɓa ganin ta yi ba.

Likita ta kafa kai. Da ta ɗaga kofin sama, gindinsa ya fuskanci tsakar gida, ɗigon ja ya kalli kowa. Wata maƙwabciya mai wanki ta tsaya da zane a hannu. Kaka ta fara salati a hankali. Likita ta tambayi abin da ya faru, sai Yaya ta amsa.

“Kofina ne, Likita. Jira suke ki faɗi.”

Likita ta juya kofin ta duba, ta ce a ƙaro ruwa. Ta miƙa wa Yaya ta kurɓa, ta karɓa ta shanye sauran, daidai inda bakin Yaya ya taɓa. Sannan ta bayyana wa Kaka cewa a ƙwaƙwalwa ciwon yake, ba ya bin yawu, kuma in Yaya ta faɗi a kwantar da ita a gefe, a daina tura mata cokali a baki.

Kaka ta ce to, irin to ɗin da take yi wa mai tallan magani. Ta hana baƙuwa tafiya sai da aka yi la'asar, wai rana ta yi sanyi. Da Likita za ta tsallake katakon da ke kan gwata, rabin gidan na leƙe ta bayan katanga. Ta tsallake lafiya, har ta ɗago mana hannu.

Daga nan Kaka ta buɗe nata binciken. Duk ranar asibiti ni take ja gefe, tunda ta san ba abin da ke wuce ni. Likitar ta rame? Hannunta na rawa? Akwai tabo a goshinta? Ina cewa babu, tana cewa in dai ƙara dubawa. Da abin ya ishe ta, ta yafa mayafi ta bi mu da kanta, ta zauna a benci tana ƙare wa matar kallo har aka tashi. Muka dawo gida a trotro.

Da yamma aka ajiye tire, Yaya ta ɗauki kwanonta za ta koma gefe. Kaka ta sa ƙafa ta turo 'yar kujerar cikinmu.

“Ke, matso. Na gaji da wanke kwano biyu.”

Kaka kuwa ba ta taɓa wanke kwano a gidan nan ba. Yaya ta zauna, hannunta bai san ta inda zai fara ba. Can sai halin ya motsa, ta ɗauki tsokar da ta fi girma, ta lasa, ta ajiye a gabanta tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

Na miƙa hannu na ɗauke, na jefa a baki.

Ta ɗaka mini duka a baya har na kusa ƙwarewa, ta kira ni ɓarauniya mai shiru-shiru. Amma dariya take yi, kuma ba ta tashi daga bakin tiren ba sai da ta suɗe shi tas.