Yaya Ɗahiru da Ƙarar Masu Laban

Shekara hamsin da shida ke nan da rasuwar yayana Ɗahiru. Na tsufa, na ninka shekarunsa, amma har yau idan na tuna shi, ni ne ƙaramin.

Tare muka iso Makka ta hanyar Sudan. Ni na kama tuƙin tasi a unguwar Hindawiyya, shi kuwa ya hau tudun Nakkasa ya kafa garke: awaki da shanu biyu. Da asuba yake tatsa, ya sauko da madara wurin masu shagon laban, wato kindirmon nan garin. A zafin Makka madara ba ta jira, kafin hantsi ta lalace. Masu shago sun san haka.

A tsakiyar shekarun alif ɗari tara da sittin, bayan wani aikin hajji, manyan masu shago uku suka karya farashi rana ɗaya. Yaya ya je shagon farko, ya je na biyu, ya gangara har Utaibiyya, duk magana ɗaya ya ji, wai madarar gwangwani ta shigo gari. Da ya dawo ya ce mini, "Sani, bakin mutum uku ba ya zama ɗaya sai an zauna."

Makiyayan tudun suka taru a garkensa, Hausawa da 'yan Yaman. Kowa ya yarda an cuce su, amma ba mai son zuwa gaban alƙali, domin yawancinsu ba su da iƙama, wato takardar izinin zama. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Yaya yana da takardarsa, sai ya ce shi zai tsaya. Na roƙe shi ya janye. Na ce, "Yaya, baƙi ne mu, ga iyali." Ya ce, "To su waɗannan ba su da iyali?"

Shari'a ta yi ta jan ƙafa. Masu shago suka daina karɓar madararsa, Inna Rabi matarsa ta riƙa rabar da ita ga maƙwabta don kada ta zube. Ciyawa ta gagara, ya sayar da saniya ɗaya, daga baya ya sayar da ta biyun. Ranar da aka ja ta, bai fito ba.

A ƙarshe aka yi sulhu. Masu shago ba su amsa laifi ba, sun dai ba da ɗan abin da ba zai dawo da saniya ba, suka yi alkawarin kowa zai yanka farashinsa shi kaɗai. Madarar makiyaya ta sake yin daraja. Tasa kuwa ba wanda ya ƙara saya. Bai daɗe ba zazzaɓi ya ɗauke shi. Ranar jana'izarsa mutanen da ke tsoron gangarowa gari suka sauko da rana tsaka, suka ɗauki makararsa har Harami.

Yanzu an rushe gefen da garken yake. Jikokina suna ɗauko madara a kwali daga firji, ba su taɓa jin ɗuminta ba. Kwanaki na ji a rediyo makiyayan wata ƙasa mai nisa sun kai manyan kamfanonin madara ƙara kan haɗa baki, aka ƙare da sulhu, ba wanda ya amsa laifi. Na daɗe zaune ina tunanin me Yaya zai ce. Ina jin zai yi murmushi ya tambaya: wanda ya fara kai ƙarar, shanunsa suna nan?

Bai bar mana gida ba, bai bar garke ba, kabarinsa ma ba zan iya nuna shi ba. Abin da ya bari shi ne zuriyar makiyayan nan, waɗanda suka zauna suka yi arziki a garin nan, wasunsu ko Hausa ba sa ji, amma in na faɗi sunansa sai su miƙe su sumbaci goshina. Ina karɓa a madadinsa. Sai dai kowa yanzu Baba yake ce mini ko Kaka, ni kuwa bakina na ƙaiƙayin in ce Yaya wani ya amsa.

Allah Ya jiƙansa, Ya haɗa mu inda ba a rabuwa.