Cibiya a Gidan Rawani

Ni ba mai ilimi ba ne, abin da na sani daga bakin Iya na ji shi, uwar mahaifina. A Gwiwa muke lokacin. Bayan an ci tuwo sai ta hura wutar karan dawa a ƙofar ɗakinta, ta zuba gyaɗa a toka, mu zagaye ta. Iya ba ta iya zama wuri ɗaya. Tana magana tana tashi, ta gyara itace, ta leƙa zaure, ta dawo. Ni take kira angonta, tana cewa da ta san haka ƙafafuna suke kamar muciya da ba ta aure ni ba.

Akwai tatsuniya ɗaya da ba ta yi mata buɗin da aka saba. Sai kawai ta ce, "Yau Gizo ya huta, wannan ta mutane ce."

Wai akwai wani gari a cikin duwatsu, tsakanin Roni da Kazaure, mai gidan sarauta da soro babba. Duk wanda sarki ya naɗa, nan yake shiga, ya ƙara ɗaki ko ya ɗaga katanga, in ya mutu ko aka tuɓe shi wani ya shigo. Al'adar garin ita ce matar mai rawani ba ta haihuwa a ciki. In wata ya kama, sai a kai ta gidan uban mijin, can a binne cibiya, saboda gidan sarauta na rawani ne, ba na mutum ba.

To aka yi wani hakimi da ya ce shi 'ya'yansa ba za a haife su a ɗakin kara ba alhali yana da soro. Tsofaffi suka yi magana, ya ce tsufa ne ke damunsu. Duk cibiyar 'ya'yansa bayan rumbun gidan aka binne. Ana nan sarki ya aiko aka karɓe rawani, aka ba wani gida. Suka fito da tabarminsu. Yaran suka girma, amma ba wanda ya zauna. Wannan ya yi gini a Ɓaɓura ya bar shi ba rufi, wancan ya tafi fatauci bai dawo ba, 'yar autar kuwa duk ranar kasuwa sai ta je ta zagaya katangar nan, dogari yana korar ta.

Na taɓa tambayarta ina 'yar autar take yanzu. Ta ture min gyaɗa ta ce, "Ci, ango, tambaya ba ta cika ciki." Sai da na yi gemu na lura Iya ba ta taɓa fashin kasuwar wani gari can wajen Roni ba, kuma ba ta dawowa da komai a ƙwarya.

Ni ma ƙafar na gada. Na yi dako, na yi gini, na yi kiwon shanun mutane, na gaji. Yanzu ɗana Sale yana hidima a gidan wani hakimi, an ba shi ɗaki ciki da matarsa. Da cikinta ya tsufa na ce a kawo ta Gwiwa. Ya ce, "Baba, ranka ya daɗe ne da kansa ya ce ta haihu a nan, ina zan kai wannan girma?" Na ce masa girman na rawani ne, ba nasa ba. Bai ji ba.

Ta haihu namiji. Ban yi gardama da kowa ba. Na tsaya a bakin ƙofa na roƙi unguwarzoma ta naɗe min cibiyar a tsumma maimakon ta haƙa rami. Ta dube ni kamar mai taɓin hankali, amma ta ba ni. Na sa a ƙwarya, na ɗaure a bayan keke, na tuƙa har Gwiwa, gwiwoyina suna kuka. Na binne ta a inda Iya take hura wuta.

Ban sani ba ko zai zauna. Amma in wata rana ƙafa ta ɗauke shi, ƙofar da zai zagaya ba dogari a bakinta.