Kwalbatin da Ban Sa wa Hannu Ba

Shekaru masu yawa na yi a ma'aikatar ayyuka kafin na yi ritaya na dawo Bagudo. Malaman da suka koyar da mu ba sa barin ɗalibi ya taɓa takarda sai ya murza ƙasar wurin a tafin hannunsa, ya gane laka ce ko marmara. Saboda haka duk wanda zai aza bulo a unguwarmu, zaurena yake fara zuwa.

Jikata kuwa tana karatun injiniya daga nesa, ba ta taɓa ganin fuskar malaminta ba. Wani baƙin tabarau na kwamfuta take ɗaurawa ya rufe mata rabin fuska, ta tsaya a tsakar gida tana ɗaga hannuwa sama kamar mai korar ƙudaje. Wai gada take ginawa.

Da ruwa ya cinye hanyar gonakinmu ta wajen Illo, dattawan unguwa suka zo. Suka gaishe ni cikin ladabi, sa'an nan suka ce yarinyar suke nema. Ta zana musu kwalbati, amma tunda ba ta gama karatu ba, dole injiniya mai rajista irina ya sa hannu.

"Angona, mi kake tsoro?" in ji ta, da wasan nan na jika da kaka. "Ɗaura ka gani, ba ya cizo."

"Na sake ki tun ranar da kika auri wanga abu," na ce mata. Duk da haka na ɗaura.

A cikin tabaraun na ga rafi da kwalbati, ruwa garau yana wucewa cikin natsuwa. Na cire. Na tambaye ta ina karan dawa. Kowa ya san manomanmu a bakin rafi suke jibge kara bayan girbi, ruwan farko kuma ya kwaso shi tare da yashi da leda. Wannan bututun kwalbati nata zai toshe.

"Lissafi ya ce ya isa, Alhaji."

"Lissafin naki ya taɓa yin damina a nan?"

Dattawan suka karɓi tabarau ɗaya bayan ɗaya, kowa ya cire yana masha Allah. Mutanen da na gyara wa harsashin gidajensu suka tsaya suna jiran in sa hannu a kan ruwan da ba ya jiƙa kowa. Na mayar da alƙalamina aljihu.

Wani injiniya ɗan kudu da ke aiki a gari ya sa musu hannu. Ta ƙara wa bututun faɗi kaɗan, ba ta gaya mini ba. A bakin magina na ji.

Kwalbatin yana nan tsaye, damina biyu ke nan. Ban taɓa bi ta kansa ba. Idan zan je gona, tsohuwar hanyar zagaye nake sa a bi da ni, ko da za mu kai la'asar.