Kabari Mai Suna

Wata Alhamis ce bayan tafiyar alhazai, shekarar da na shiga aji huɗu, na kai wa Baba gurasar tamis da ful, wato dafaffen wake, a maƙabartar Nasara ta Jidda inda yake gadi, can ƙasa da ƙofar gari ta Bab Makka. Tun rasuwar Umma ni ke kai masa abinci daga unguwarmu ta Sa'alaba, in na gama wanke-wanke na shanya kayan ƙannena a saman bene. Ranar na tarar da ƙofa a buɗe, wata tsohuwar Baturiya na zaune dirshan a ƙasa gaban wani farin dutse, ta cire takalmi, tana bin rubutun jikinsa da yatsa.

Dutsen na san shi. Na wani sojan sama ne ɗan Ostireliya, wanda ya mutu a yaƙin duniya na biyu aka binne shi nan, nesa da danginsa. Kullum Baba sai ya goge shi da tsumma, ya zuba wa 'yar shukar gefensa ruwa mai daɗi, irin wanda a gida ko wasan 'yar tsana ba a bari mu yi da shi. "Baƙo ne kamar mu," in ji shi, "ba shi da kowa a garin nan." Ashe yana da wata. Direban da ya kawo tsohuwar ya gaya wa Baba da Larabci cewa ƙanwar sojan ce, tana yarinya ya tafi, sai yanzu Allah ya nufe ta da zuwa. Ta yi ta yi wa yayan nata hira da yarensu, har da dariya, ta kwantar da kuncinta a jikin dutsen.

Ni kuwa ina raɓe a inuwar katanga, ful na hucewa a hannuna. Wannan ta ƙetaro teku ta samu nata. Tawa uwar tana cikin garin nan, tafiyar ƙafa, amma a Jidda mata ba sa shiga maƙabarta, kuma kaburburanmu ba a rubuta musu suna.

Da ya tashi aiki na roƙi Baba ya kai ni wajen Umma. Ya dube ni ya ce yalla, mu je. Muka tsaya a bayan wata doguwar katanga, motoci na wucewa, ya nuna da haɓa.

"Wajen can take, uwata. Ni ma yanzu ba zan iya ce miki ga daidai wurin ba."

Nan muka yi mata addu'a a tsaye, muka juyo.

Yau shi ma Baba yana bayan katangar nan. In mun je ziyara, 'ya'yana maza su shiga, ni ina cikin mota da carbi, su fito su ce min yashi ne da ƙananan duwatsu. Ban taɓa ja da abin da aka koya mana ba, na kuma san addu'a tana isa inda ƙafa ba ta kai ba. Amma har gobe ina kishin tsohuwar nan. Ita ta san inda za ta zauna.