Firisila da Lamba Sha Tara

Suzana, uwar zumuntarmu, ita ta fara gaya mini wai kwamfuta tana sa wa sunaye lamba da kanta. Muna tsintar acca a bayan coci ta faɗa, na ce mata kai, Suzana, ki ji tsoron Allah. Ta ce in ban yarda ba in tambayi Firisila. To ba sai na tambaya ba ma, don abin da ya faru da Firisila a gabanmu ya faru.

Firisila 'yar Vom ce. Babanta tatsar shanu yake yi a gonar madara. Ita kuwa tun tana yarinya ba ta son abu a karkace, ko takalman gidansu sai ta jera su daga na baba har na auta. Da ta gama makaranta ta koyi tafireta, ta samu aiki a ofishin wata firamare, ta yi shekara ashirin da shida tana ƙwanƙwasa abin nan har yatsunta suka yi kanta. Da ta yi ritaya sai ta buɗe ɗan shago a unguwar Congo-Russia, kwamfuta ɗaya, firinta ɗaya, da benci na masu jira. Mijinta Datong yakan ce in za a jera mutanen gidansu, kwamfuta ce ta ɗaya, shi kuwa yana bayan janareta.

Ita ce sakatariyar zumuntar mata ta cocinmu, shekara sha huɗu ke nan. Kuma a zumuntarmu ba a rubuta suna yadda aka zo. Babba ce a sama. Wadda ta girme ki ko da wata biyu ne tana samanki, ba gardama. Sakatariya ita ce ta ƙarshe ko da furfura ta cika mata kai, don mai hidima ce. Can saman kowa kuma akwai sunan Mama Fibi, wadda ta kafa zumuntar. Shekara tara da rasuwarta, amma ba ma fara jeri sai da sunanta. Ita ba a ba ta lamba, ana dai ajiye ta a sama.

To ga wahalar. Firisila za ta gama jeri tsaf, sai wata tsohuwa ta ɗingiso ranar ƙarshe ta ce ita ma a sa ta. Ba dama a sa ta a ƙasa. Sai a cusa ta a lamba uku, duk na ƙasa su motsa. Firisila ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta goge, ta sake, ta goge, ta sake. Akwai shekarar da mata biyu suka tashi da lamba bakwai, wata guda ba su gaisa ba.

Wata rana tana cikin wannan gogen sai maƙwabcinta Chibueze ya leƙo, dattijon nan mai gyaran waya. Ya tsaya yana kallonta, can ya ce, "Madam Sakatare, kai kana wahala banza."

Ta ce, "Oga Chibueze, in gaisuwa ce na amsa. In ba'a ce, ina da aiki."

"Cire lamba duka. Bar suna kawai."

"In cire? Tun safe fa nake sa su."

"Cire, ka gani."

Ta cire tana tsaki. Ya sa ta shafa sunayen gaba ɗaya suka yi shuɗi, ya nuna mata wani ɗan wuri a sama ya ce danna. Tana dannawa sai ga lambobi sun sauko a jere, kowane layi da tasa.

Ta ce, "Yesu mai ceto!"

Ya ce ta sa suna a tsakiya. Ta sa. Na ƙasa duk suka matsa da kansu, ba wadda ta yi gunaguni. Ranar nan Firisila ba ta ƙara taɓa aikin kowa ba. Ta sa sunan Datong ta cire, ta sa na akuyarta ta cire, tana ta dariya ita kaɗai. Ranar Lahadi ta ba da shaida a zumunta. Ta ce mutum yakan yi kuskure, wannan abu kuwa ba ya yi.

Ba a yi wata biyu ba sai ga taron mata na shekara a Shendam. Masu masauki suka ce mutum sha takwas za su iya karɓa daga wurinmu, bas ɗin ma sha takwas take ɗauka. Akwai doka kuma, Firisila ce da kanta ta kawo ta: wadda lambarta ta wuce sha takwas ba ta shiga mota, ba ta tsayawa a layin waƙa. Bara ma wata 'yar zumuntarmu, Esther, ta yi ta roƙo da jakarta a hannu, Firisila ta ce mata doka ba ta san kuka ba. Kuma bana Firisila ce aka ba jan waƙa. Wata uku tana koyonta, har Datong ya iya amshi.

Ana gobe tafiya ta rubuta sunaye, ta danna wurin nan, ta fitar da takarda. Idonta ya tafi ƙasa kai tsaye, inda sunanta yake. Sha tara.

Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Sha tara dai. Da a ce da hannunta ta sa lambar, da sai ta ce ta yi kuskure ta ƙirga. Amma ita ce ta tsaya gaban mata ta ce abin nan ba ya kuskure. Ta ninke takardar, ta je gidan Suzana.

Suzana ta ce, "Haba Firisila, wa zai ja mana waƙa? Mu matsa miki mana, ko a cinyata ne."

Ta ce, "Mama, in na shiga, da wane ido zan kalli Esther? Ku bar ta ta ja waƙar, ta iya."

Da safe muka taru a Titin Bauchi, kowa da yunifom, da tulun kiɗa, da kulolin abinci. Firisila ta zo da zanin gida da silifas, ba jaka, takarda kawai a hannu. Direbanmu Badung ya buɗe ƙofa ya ce, "Iyaye mata, rana tana yi fa. Madam, kira su."

Ta gyara murya ta ce, "Lamba ɗaya, Mama Fibi."

Ita kanta sai da ta faɗa ta ji abin da ta faɗa.

Badung ya ce, "Ina Mama Fibi? Ta zo ta shiga gaba, ita ce babba."

Suzana ta ce, "Ɗana, wannan ta riga mu tafiya da shekara tara."

Badung ya saki ƙofar ya ja baya. Ya ce, "A'a. Ni ban yi da ku haka ba."

Sai dariya ta fashe. Wata ta zauna a kan kula, wata tana share hawaye da bakin ɗankwali. Ashe kwamfuta ba ta san mai rai da wanda ya huta ba, layi kawai take gani. Ta ba Mama Fibi lamba ɗaya, ta tura kowa ƙasa. Mu sha takwas ne cif, har da Firisila.

Esther ta ce, "To Sakatare, kin samu kujera. Amma ina yunifom? In ce ke kika ce ba a shiga ba yunifom?"

Firisila ta kalli zaninta, ta kalli silifas. Congo-Russia ba nisa, amma Badung ya riga ya tayar da mota.

Esther ta bar ta ta ɗan ji a jikinta tukuna. Sannan ta zuge jaka ta ciro zanin yunifom ɗinta na canji ta miƙa mata. Ta ce, "Riƙe. Ni dama waƙar nan ta fi ƙarfin maƙogwarona." Suzana ta ba da ɗankwali, wata ta ba da farar riga. Muka kewaye ta da zannuwa a bakin titi ta sauya. Esther gajera ce, zanin da ƙyar ya rufe wa Firisila gwiwa, haka ta ja waƙa a Shendam tana jan zani ƙasa da hannu ɗaya. Mu ne muka zo na biyu a gasar waƙar.

Yanzu tana nan a shagonta. Ba ta daina danna wurin nan ba, amma sai ta sa yatsa ta karanta daga sama har ƙasa kafin takarda ta fita. Masu kayan miya da teloli har da kwamitin masallacin layinsu duk ita ke jera musu sunaye. Wannan makon jerin masu dafa abincin bikin girbi take yi, tsofaffi uku sun riga sun sa an canza shi, tana jiran ta huɗu.